Ƙauyen Abilio

Daren Talata a Yarmouth, a saman ɗakin karatu,
iskar teku na buga taga kamar mai bin bashi.
Su tara ne a ajina, daga masana'antar fiɗar talo-talo suka taso,
yatsunsu ba su gama hucewa daga sanyin firji ba.

Na rubuta “be” a tsakiyar allo, na ce:
ga mutum ɗaya mai riguna takwas.
In ya zo wurina, “am” yake sawa.
In wurinka ne, ko wurinmu, ko nasu, ya zura “are”.
Ga shi, ga ita, ga tukunya, ga kare, duk “is”.
Jiya kuwa “was” ya sa, ya bar “were” a rataye don taro,
sai “been” da “being” na ƙasan akwati,
ba kasafai suke fita ba ɗan rakiya ba.

Rasa ta ɗaga hannu: Malama Thurtle,
anya uwarsu ɗaya? Ko kama babu.
Na ce gidaje ne daban aka haɗa tun kaka da kakanni,
suka ci tukunya ɗaya har asali ya ɓace.
Daga kujerar baya Abilio ya yi gyaran murya:
Mu a Fotugal biyu gare mu,
ɗaya na abin da ya zauna, ɗaya na abin da zai wuce.
Ku kun ɗaure gajiyar mutum da sunansa da igiya guda.
Aka yi dariya. Na ba da aikin gida:
jimla biyar kan inda aka binne cibiyarka.

A teburin kicin na gyara, shayina ya huce ban kula ba.
Rubutunsa a karkace, kamar dangar da iska ta tura,
rubutun ɗan shekara sittin da ɗaya.
Ƙauyena “is” ƙarami.
Cocinmu “is” fari.
Tandun burodin uwata “is” a bayan gida.
Sai jimla ta huɗu ta ce an gina dam yana ɗan shekara tara,
ta biyar ta ce ruwa ya shanye komai.
To, magana ta ƙare. Na zaro jan alƙalami,
na soke “is” sau uku, na ɗora “was” a kai,
na kwanta da zuciyar wadda ta yi daidai.

Wata Talatar bai fita da mutane ba.
Ya jira kujeru suka yi shiru, ya miƙo wayarsa mai fasasshen gilashi.
Shekarar fari ce, ya ce, ruwa ya ja da baya.
Ga bangaye sun taso daga taɓo kamar haƙoran tsoho,
ga matakalar coci ba coci,
ga tandu, baki buɗe,
ga hannun Abilio a ciki har gwiwa.
Malama, ya ce, wannan “was” ne?
Ruwa rufewa ya yi, bai share ba.
Yanzu da muke magana yana can, kifi na kwana a ciki.

Shekara ashirin da biyu ina koyar da cewa
“was” na abin da ya gama ne,
ban taɓa tambayar wa ke shaida gamawar ba.
Jan tawada ba ta goguwa,
sai na rubuta “is” a kan “was” da ke kan “is” ɗinsa.
Ya duba, ya ce: kin yi wa uwata bene hawa uku.

Maigadi na kaɗa makullai a ƙofa.
Abilio ya tsaya da hannun riga ɗaya a kafaɗa:
In fari ya dawo fa, wace riga mutumin naki zai sa?
Na ce sai ya koma “be” tsirara, “will” na riƙe da hannunsa,
amma wannan darasin watan gobe ne.
Ba ni yanzu, ya ce,
ya juya tikitin bas, ya lashi bakin fensir.